Ƙarshen da Ba Ya Cikin Littafin

Ku 'ya'yana, akwai wata magana da kuke yawo da ita tun kuna ƙanana, har ranar sunan nan na ji Bilki tana gaya wa nata 'ya'yan. Wai kakarku Inna ta daina sauraron karatuna ne saboda zuwan Shari'a, wai malamai sun yi wa'azi a kan littattafan soyayya ta tuba, babanku kuma ya tattara su ya cinna musu wuta. Ban san wanda ya kitsa muku wannan ba. Babanku, Allah Ya jiƙansa, ko takardar ƙosai bai taɓa ƙona mini ba, Inna kuwa wa'azin duniya ba zai raba ta da labari ba. Laifin nawa ne. Tunda tsufa ya kama ni, gara in faɗa muku da kaina, kada in tafi in bar wa matattu kayan da ba nasu ba.

Daga Gwarzo aka kawo ni Gammo, shi ya sa har ta koma ga Allah Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, sai 'Yar Gwarzo. A duk gidan ni kaɗai ce macen da ta iya karatun boko, kuma ban ɓoye muku ba, ina ji da kaina a kan haka. Zamanin tsuke bakin aljihu ne. Shinkafa sai da Sallah, sabulu a yanka shi gida uku, batir kuwa ya yi tsadar da babanku ba ya kunna rediyo sai lokacin labarai, yana gamawa ya cire su ya shanya a rana wai su ƙara ƙarfi. Da rediyo ya yi shiru sai littafi ya samu shiga. Ƙanwata ce ke aiko mini su daga Gwarzo ta hannun wata dillaliya, a ƙasan atamfofi, wasu ba bango, wasu da maiƙon miyar gidan da suka fito. Bayan azahar sai a shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin dalbejiyar tsakar gida, a zubo gyaɗa ana ɓara, ni kuma a ɗauke mini aikin in riƙe littafi. Wallahi na so wannan sarauta, don ni da ɓarar gyaɗa ba ma shiri.

Ba za ku gane daɗin zaman nan ba, ku da kowa ya duƙufa kan wayarsa yana dariya shi kaɗai. Mu karatun ma kaɗan ne, musu ya fi yawa. Gwaggo Tabawa maƙwabciyarmu ita gidan bene take so, da an ce Alhaji ya fito da mota sai ta ajiye gyaɗa ta ce in maimaita mata launin motar. Inna kuwa ba ta ɗaga wa marubuci ƙafa. Littattafai biyu ne a wajenta, mai gishiri da lami. In yarinyar labari ta cika kuka sai ta dakatar da ni ta tambaya ko ita wannan ba ta da aikin yi ne, tun jiya take kuka, wa ya ɗora mata tukunya. In aka ce attajiri ne sai ta ce to me yake nomawa, in na ce ba a faɗa ba, ta taɓe baki ta ce ɓarawo ne ke nan. Akwai wata marubuciya da ta sa an yi girbin gero kafin a yi noman farko, ai ranar Inna cewa ta yi a mayar mata da kayanta, wadda ba ta san gona ba ba za ta san zuciyar mutum ba. Abin da ta fi so shi ne wanda aka rubuta a farkonsa cewa labarin rayuwar mai shi ne, ya faru da gaske. Irin wannan takan ce mai shi ya tauna da haƙorinsa, kuma ba ta yarda a yi tari in ina karantawa.

Ta ukunsu ita ce Rabi, facalata, matar baffanku Sabo. Ku ba ku san shi ba sai a hoto. Shi ne autan Inna, yana aiki a wata masaƙa a Kano, aka rage ma'aikata aka haɗa da shi. Ya dawo gida ya yi damina ɗaya, taki ya gagara, amfanin bai kai ko'ina ba, sai ya ce zai tafi Kurmi, can Kudu, neman abin yi, ba zai wuce wata shida ba. Wasiƙa biyu ya aiko, daga nan ɗif. Babanku ya bi sawu har sau biyu, ya dawo da ramar jiki kawai. Rabi kuwa ba suruka kaɗai ba ce a wajen Inna, 'yar ƙanwarta ce, ita ta yaye ta ta rene ta, ta kuma aurar wa ɗanta. Mace ce marar hayaniya. A wajen karatu ba ta cika cewa komai ba, sai dai in an zo inda ake jiran wani, ka ga hannunta ya tsaya a kan gyaɗar.

Sabo na da shekara huɗu da tafiya aka aiko mini wani littafi mai koren bango, kashi uku, irin wanda Inna ke so. Wata dattijuwa ce ke ba da labarin rayuwarta, da ɗanta Habu wanda ya hau motar goro ya tafi Kudu. Tun a kashi na ɗaya na ga alamar inda aka dosa, na so in ce ya ɓata, amma ina, Inna ta riga ta kamu. Ta ce wannan mata ta san abin da take faɗa, don ita ma Innar har yau in ta tuƙa tuwo sai ta yi kuskure ta kwashe malmalar Auta. Da na uku ya iso, al'adata ce in leƙa ƙarshe kafin in karanta musu, na shige ɗaki na leƙa. Habu bai dawo ba. Wani direba ne ya kawo wa uwar hularsa da agogonsa, ya ce tun shekara ta biyu zazzaɓi ya kashe shi, baƙi suka yi masa sutura.

Na fito na tarar Inna ta riga kowa zama, har da ɗan gorona ta ajiye mini. Na karanta, na karanta, har muka zo bakin wurin. Na ɗaga kai na dube ta, ta karkato kunne, bakinta a ɗan buɗe. Allah Ya sani ban shirya ba. Idona na kan takarda, bakina kuma ya kama wata hanya daban. Na ce a shekara ta bakwai, ranar wata Laraba bayan la'asar, uwar na tankaɗe sai ta ji sallama a zaure. Na shigo da Habu da jaka a kafaɗa, ya rame ya yi baƙi, na durƙusar da shi gabanta. Har shafi nake juyawa inda ya kamata. Gwaggo Tabawa ta rangaɗa guɗa, Rabi ta tashi ta shige ɗaki, Inna kuwa ta daɗe tana share ido da bakin mayafi kafin ta yi magana.

"Wannan shi ne littafi," in ji ta. "Duk sauran tatsuniya ce."

Ranar na kwana ina jin na yi aikin lada. Littafin kuma ban mayar ba, na ce wa dillaliya ya faɗa randa, na cusa shi ƙarƙashin katifa.

Ba a yi wata uku ba yayan Rabi, Malam Hadi, ya zo daga Lakwaya. Ya gaida Inna gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida, ya tambayi gona, ya tambayi ƙafarta, sannan ya sunkuyar da kai ya ce ya zo ne a kan maganar Rabi. Shekara huɗu ba miji ba labari, ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba, ƙuruciya kuma ba ta jira. Yana roƙon a ba ta izini ta kai maganar gaban alƙali a yi cigiya, in ba a same shi ba a sawwaƙe mata. Ku sani, Rabi na iya tafiya ba da izinin kowa ba, amma ta rantse ba za ta taka kotu a kan ɗan Inna ba sai Inna ta sa albarka, babanku kuma, wanda shi ne zai yi shaida, ba ya ƙetare maganar uwarsa. Ina bakin murhu ina jin su. Inna ta ce wa Malam Hadi ya yi haƙuri, ai ko Habu sai a ta bakwai ya dawo, kuma ba ƙage ba ne, a rubuce yake, uwarsa ce ta faɗa da bakinta, a tambayi 'Yar Gwarzo. Malam Hadi ya waiwayo yana neman ya san wane ne Habu. Ni kuwa na duƙa ina hura wutar da take ci bal-bal.

A nan ya kamata in yi magana. Ban yi ba. Na ce wa raina ai tsohuwa ce, kwana biyu za ta manta, ko ma Allah Ya jefo Sabon ya wanke ni. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji, kuma ba tsoron ɓacin ranta kaɗai ba, har da tsoron rasa tabarmata ƙarƙashin dalbejiya. Inna ba ta manta ba. Littafin ya zama abin kafa hujjarta, duk wadda ta shigo gidan sai ta ba ta labarinsa. Wata rana a wajen biki a cikin Kabo ta haɗu da wata malamar makaranta da ta karanta shi, malamar ta ce ita kam ba ta taɓa kuka a kan littafi kamar ranar da aka kawo hular Habu ba. Inna ta ce wace hula, yaron da ya dawo da ƙafarsa? Musu ya kaure, mata suka taru, aka aika a kira ni daga wajen rabon tuwo. Na zo na tsaya tsuru-tsuru, sai na ji bakina ya ce wataƙila bugu biyu aka yi, Malama ta samu na farko ne kafin a gyara. Malamar ta dube ni sama da ƙasa, ta ce to, Allah Ya kyauta. Inna ta dawo gida tana murna ta kayar da 'yar boko. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, ni nawa har shekara biyu na yi ina ƙara haƙa shi.

Sai ga Shari'a ta zo. Ku kun fi tuna gangamin da tutoci, ni abin da na fi tunawa shi ne yadda mata suka fara tambayar haƙƙinsu da babbar murya. Malam Hadi ya sake zuwa, ya ce yanzu ko a masallaci an karanta hukuncin matar wanda ya ɓata, addini bai ce ta dawwama a rataye ba. Inna ta ce ta ji, amma saura shekara ɗaya tak, wanda ya yi shida ai ba zai kasa ɗaya ba. Rabi a lokacin ta haura talatin. A shekarar ce kuma aka buɗe Islamiyyar matan aure a unguwarmu, ana koyar da Ƙur'ani da fiƙihu, ranar Alhamis kuma a ɗan taɓa boko. Rabi ta shiga. Ni da kaina nake duba mata baƙaƙe, ina tsokanarta wai za ta ƙwace mini sarauta, ko kaɗan ban kawo komai a raina ba.

Wata safiya na dawo daga kai niƙa na tarar da ita zaune a bakin gadona. Tun ranar da ta zo taya ni kakkaɓe katifa ta ga koren littafin. Ashe kwana tara tana ɗauka tana mayarwa, tana bin sa da yatsa baƙi bayan baƙi, don shi ne littafin da ta ci burin ta fara karantawa da kanta, ta ga wurin nan da idonta. Ta miƙo mini shi a buɗe.

"Yaya, na duba har bango. Ina shafin da ya dawo?"

Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi. Na zauna a ƙasa na gaya mata komai, ina kuka ina rantsuwa cewa tausayi ne ya sa ni. Ta bari na gama, sannan ta ce ta yarda tausayi ne, amma ita a cikin tausayin nawa ina aka ajiye ta? Ta ce ba za ta faɗa wa Inna ba, ba za ta faɗa wa kowa ba, bakin da ya ɗaura shi zai kwance. Ta tashi ta ɗauki tsintsiyarta ta fita.

Kwana biyu ina juya abin. Ranar ta uku bayan azahar na fito da koren littafin. Gwaggo Tabawa ta ce a'a, yau tsohon zuma za a sha? Na durƙusa gaban Inna, na ce akwai wurin da ban karanta mata daidai ba, ina so ta ji yadda mai shi ta rubuta. Na karanta mata zuwan direban, da hular, da agogon da ya tsaya. Ban ƙara ba, ban rage ba. Inna ba ta daina ɓarar gyaɗarta ba, sai dai na lura ƙwayar take jefawa cikin ɓawo, ɓawon kuma cikin ƙwarya. Da na kai aya ta tambaye ni, ita uwar me ta yi bayan nan. Na ce ta yi masa sadaka, ta raba kayansa, ta sallami matarsa. Ta ce in karanta wurin, kada in faɗa da ka. Na karanta.

"Wannan mata ba ta da tausayi," in ji Inna. "Amma ba ta yi mini ƙarya ba."

Ko kallona ba ta yi ba. Ta sa aka kira babanku daga gona, ta ce gobe ya saka rigarsa ya raka Rabi wajen alƙali, ya faɗi abin da ya sani. Aka yi cigiya a rediyo, alƙali ya ɗiba wa'adinsa, wa'adi ya cika, aka raba auren, ta yi idda. Daga baya ta auri wani manomi a Mainika, mutumin kirki, shi ne kuke ce wa Baban Mainika. Ba ta samu haihuwa da shi ba. Na san haihuwa ta Allah ce, ita ma haka take cewa duk lokacin da na nemi gafararta, har ta gaji ta ce in na sake tayar da maganar za ta daina zuwa gidana. Amma shekara biyun nan ni na ci mata su, kuma ba ni da inda zan samo in mayar.

Inna ba ta zage ni ba, ba ta kai ƙarata wajen babanku ba, ko ranar girkina ba ta taɓa mayar da kwano ba. Karatuna kawai ta daina ji. In na fito da littafi sai ta ce ƙafarta na ciwo, ta shige ɗaki. Kafin Rabi ta bar gidan, ita take sa wa ta karanta mata, tana yi tana tuntuɓe, shafi ɗaya sai a yi la'asar ba a gama ba, ni kuwa ina gefe da gyaɗa a gabana ina jin kurakurai ba damar gyarawa. Da Rabi ta tafi zaman ya watse. Littattafan ni na kwashe su na mayar wa ƙanwata Gwarzo. Wannan ita ce wutar da kuke cewa babanku ya cinna.

Shekara tara muka yi a haka, muna gaisawa, muna raha a kan komai ban da abu ɗaya. Sabo bai dawo ba, labarinsa ma bai zo ba, ko hula ba a kawo mana ba. A ciwonta na ƙarshe ni nake jinyarta, idonta ya riga ya tafi. Wata ranar da hantsi na gama ba ta koko ina goge mata baki, sai ta kamo hannuna.

"'Yar Gwarzo, faɗa mini ƙarshen nan."

Na ce Inna ai littafin ba ya gidan. Ta ce ba na littafin take nufi ba, ta san wancan, nawa take so. Ina tunanin ko gwada ni take yi, sai ta matse mini hannu ta ce ba ta ruɗe ba, ta san ƙarya ce, in dai faɗa mata. Na gyara zama na fara. Na ce ranar wata Laraba ce bayan la'asar, uwar na tankaɗe a tsakar gida, sai Habu ya yi sallama a zaure.

"Ba Habu ba," in ji ta. "Kira shi da sunansa."

Na ce sai Sabo ya yi sallama. Ta ce a hankali, shi ba ya ɗaga murya in zai shigo. Na rage murya na sake yi masa sallamar, na shigo da shi da jakarsa, na durƙusar da shi gabanta, na ce ta tashi ta dama masa fura da sukari. Ta girgiza kai a kan matashi, ta ce Auta ba ya shan sukari a fura, in gyara. Na gyara, ta ce to, ci gaba.